Lambar 251 da na ɗauka ba ta motsi

A Afrilun 2021, da Fermilab, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Amurka, ta fitar da sakamakonta na farko kan maganadisun miyon, ina tsakiyar aikin digirina na uku. Miyon ɗan'uwan ilektiron ne, sai dai ya ninka shi nauyi kusan sau 207, kuma in ya shiga filin maganadisu yakan yi layi kamar katantanwa. Saurin layin nan ake aunawa. Da aka haɗa da tsohon awon Brookhaven, wata cibiyar bincike ta Amurka, sai aka ga giɓi tsakanin gwaji da abin da Daidaitacciyar Ƙa'idar ƙwayoyin zarra ta hango: 251 cikin biliyan 100, sigma 4.2, wato giɓin ya ninka kuskuren da ake tsammani sau 4.2.

Nan na yi tsalle na ƙirƙiro sabuwar ƙwaya mai ɗaukar ƙarfi, irin da ake kira Z′, don ta cike giɓin. Aikin dai ba wuya a ido. Gudummawar ƙwaya mai nauyi tana raguwa ne gwargwadon nauyinta sau kansa, don haka sai ka bar kwamfuta ta yi ta gwada nauyi da ƙarfin haɗuwa, ka tsinci waɗanda suka dace.

Tuntuɓen farko na alamar ƙari da ragi ne. Wani nau'in haɗuwa da miyon yana ƙara adadin, ɗayan kuma yana rage shi har ninki biyar, ni kuwa na juya su. Mako uku ina murna da zanen banza. Da na gyara, sai na tarar wani tsohon gwaji mai suna CCFR, na ƙwayoyin nitirino marasa caji, ya riga ya share ɓangaren masu nauyi, saura ɗan siririn layi na marasa nauyi a kan zanen.

Babban kuskuren kuwa malamina ne ya hango shi. Ya leƙa manhajata, ya sa yatsa kan allo ya ce, "Kai, wannan 251 ɗin, wa ya ce maka ta zauna?" Na ce, "Malam, ai gwaji ne ya ba da ita." Ya ce rabi ne kawai na gwaji, ɗaya rabin lissafi ne, kuma ɓangaren hadaron (ƙwayoyi dangin furoton) na lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. A lokacin wata ƙungiyar masana mai suna BMW ta riga ta fitar da lissafin raga (wanda ake yi a kan ragar ɗigo-ɗigo) na manyan kwamfutoci da ya rage giɓin sosai. Na karanta shi, na kau da kai, saboda bai yi mini daɗi ba. Gaskiyar ke nan.

A 2023 awon wani gwaji mai suna CMD-3 da ke Novosibirsk a Rasha ya ƙara dagula tsohon lissafin. A Mayun 2025 masana ƙa'idar suka koma kan lissafin raga, a Yuni kuma Fermilab ta rufe da awo mai daidaito na 127 cikin biliyan. Gwaji bai gusa ba. Giɓin ya sauka daga 251 ya koma 38, da kuskuren da ya kai 63.

Na cire 251 daga cikin manhajar, na mayar da ita gurbin da ake sauyawa, na sake kunnawa. Siririn layin da na shekara huɗu ina riritawa ya faɗa cikin yankin da awo ya hana, iyakar da awon ya sa wa ƙwayar kuma ita ce babi na huɗu a kundina.