Wata Takwas ɗin Ferdinand da Kofin da Arsenal ta Ɗauka

A unguwarmu gardamar ƙwallo ba ta ƙarewa da busa usur ɗin tashi. Da zarar mai gidan kallo ya kashe janareta an fara tattara bencina, sai jama'a su gangara teburin mai shayi da ke bakin titi, a can kuma a sake buga wasan da fatar baki har dare ya raba. A wani dare irin wannan ne zance ya faɗa kan Mykhailo Mudryk, ɗan wasan Chelsea da aka dakatar a watan Disambar 2024 bayan gwaji ya nuna akwai haramtaccen sinadari a jikinsa. Wani matashi mai goyon bayan Chelsea ya dage cewa zalunci ne a ajiye yaro wata da watanni kafin a yanke masa hukunci. Sai wani dattijo da muke kira Kawu, wanda ya haura shekara talatin yana bin Manchester United, ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Ɗana, ba ku ga komai ba tukuna. Mu da aka raba mu da Ferdinand muna saman tebur, aka ɗauki kofi aka miƙa wa Arsenal, wa muka kai wa ƙara?"

Ni ma magoyin bayan United ne, kuma na daɗe ina faɗar wannan magana kamar yadda Kawu ya faɗe ta. A yau ban yarda da ita ba, kuma dalilin da ya sa na sauya ra'ayi shi nake so in shimfiɗa a nan.

Abin da ya faru sananne ne. Ranar 23 ga Satumban 2003 masu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari suka je filin atisayen United da ke Carrington, sunan Rio Ferdinand kuma yana cikin waɗanda aka zaɓa su ba da fitsari. Bayan an tashi daga atisaye sai ya kama hanyarsa ya shiga gari bai ba da samfurin ba. Ya ce mantuwa ce ta same shi saboda hidimar sauya gida da ta sha masa kai, kuma gwajin da aka yi masa daga baya bai nuna komai ba. Duk da haka, a watan Disamba kwamitin da ya saurari ƙarar da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta shigar ya dakatar da shi wata takwas tare da tarar fam 50,000. Hukuncin ya fara aiki ranar 20 ga Janairun 2004, ɗaukaka ƙarar da ya yi ba ta yi nasara ba, ya rasa ragowar kakar wasa, ya kuma rasa gasar cin kofin nahiyar Turai da aka yi a Portugal. Wannan fa mutum ne da United ta saya daga Leeds a 2002 kan kuɗi kusan fam miliyan 30, shi ne ginshiƙin tsaron bayanta, saboda haka ba abin mamaki ba ne raunin ya daɗe a zukatan magoya baya.

Kawu yana da hujja, kuma ba zan raina ta ba. United ce ke jan ragamar teburin gasar Firimiya har zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da Wolves ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi a wasan Ferdinand na ƙarshe kafin ya tafi. Daga nan bayan ƙungiyar ya zama kamar gidan da aka cire wa ƙyaure. Na tuna wasan Everton a watan Fabrairu, inda United ta tafi hutun rabin lokaci da ƙwallo uku a gaba, aka farke su duka ukun, sai da van Nistelrooy ya ceto ta a mintunan ƙarshe aka tashi 4 da 3. Middlesbrough ta zo har Old Trafford ta ci 3 da 2, Manchester City ta lallasa ta 4 da 1 a watan Maris, a cikin wannan wata kuma Porto ta José Mourinho ta fitar da ita daga gasar zakarun Turai. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya ga gurbin da Ferdinand ya bari da idonsa.

Sai dai tebur ba ya ƙarya. Arsenal ta gama kakar da maki 90, ta ci wasa 26, ta yi canjaras 12, ba a doke ta ko sau ɗaya ba cikin wasanni 38. Chelsea ta zo ta biyu da maki 79, United ta uku da 75. Tazarar maki 15 ke nan, wato nasara biyar cur, kuma ban san mai tsaron baya guda da zai cike wannan rami shi kaɗai a cikin wata huɗu ba. Sau tara aka doke United a gasar Firimiya a wannan kaka, huɗu daga ciki kafin dakatarwar ta fara aiki. A cikin biyar ɗin da suka biyo baya, uku an tashi ne ɗaya da nema, a hannun Portsmouth da Liverpool da Blackburn, wanda ke nuna cewa matsalar ta haɗa da gaba, ba baya kaɗai ba. A ɗaya ɓangaren kuwa Thierry Henry ya zura ƙwallo 30 a raga, Vieira da Pires da Bergkamp suna kan ganiyarsu, Sol Campbell da Kolo Touré sun tsare baya, ga Nwankwo Kanu namu yana shigowa idan an buƙace shi. Idan ma akwai lokacin da tarihin rashin shan kashi na Arsenal ya kusa rushewa, to ranar 21 ga Satumba ce a Old Trafford, kwana biyu kacal kafin Ferdinand ya tsallake gwaji, lokacin da van Nistelrooy ya buga fenareti a minti na ƙarshe ƙwallo ta daki turken sama ta dawo. Ferdinand yana cikin fili a ranar, aka kuma tashi babu ci.

Abin da ya fi damuna a wannan gardama shi ne yadda muke auna hukunci da launin riga. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Magoyin bayan Arsenal da ya ce Ferdinand ya cancanci shekara biyu, shi ne ya sassauta murya a 2011 lokacin da aka dakatar da Kolo Touré wata shida yana Manchester City, saboda tsohon ɗan gida ne kuma ya ce ƙwayar rage ƙiba ta matarsa ya sha. Mu kuma da muka yi ta kuka kan Ferdinand ba mu ji tausayin Adrian Mutu ba ko kaɗan da Chelsea ta kore shi a 2004 bayan an samu hodar iblis a jikinsa. Da wuya ka ji wani a majalisa ya tambayi abin da doka ta ce. Abin da ake tambaya shi ne wa hukuncin zai amfana a teburi.

Doka kuwa tana da dalilinta. Ƙa'idar hukumar WADA, wadda ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a duniya, ita ce ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da gangan ya sha ko da kuskure, niyya kuma tana shiga ne kawai wajen auna tsawon hukunci. Haka nan ana ɗaukar ƙin ba da samfuri a matsayin laifi mai zaman kansa, domin akwai sinadaran da ke fita daga jiki cikin ɗan lokaci kaɗan. Da za a karɓi mantuwa a matsayin uzuri, da duk wanda ya san abin da ya sha sai ya ɓace na kwana biyu ya dawo fes. Ban taɓa zargin Ferdinand da shan komai ba, har yau ma ina ganin mantuwa ce ta gaskiya, amma na fahimci abin da ya sa ba za a gina doka a kan kyakkyawan zaton da nake yi masa ba.

Inda Kawu ya fi ƙarfi shi ne batun daidaito, kuma a nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. A daidai wannan shekara ta 2003 wani ɗan wasan Manchester City mai suna Christian Negouai ya tsallake gwaji, aka ci shi tarar fam 2,000, ba a dakatar da shi ba. Mutu, wanda aka samu hodar iblis a jikinsa, wata bakwai aka ba shi, ƙasa da wanda ba a samu komai a jikinsa ba. Shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya fito fili yana sukar yadda aka bar Ferdinand yana ci gaba da wasa kafin a yanke hukunci, kuma mutane da yawa sun yi imanin cewa girman sunansa da na ƙungiyarsa ne suka sa aka mayar da shi abin misali. Mudu ɗaya ya kamata a auna wa kowa, babba da ƙarami, kuma a 2003 ba a yi haka ba.

Akwai wanda aka zalunta fiye da haka, kodayake ba a cika tuna shi a gardamarmu ba saboda babu kofin gasar Firimiya a cikin labarinsa. Mamadou Sakho na Liverpool ya yi gwaji bayan wasa da United a watan Maris na 2016, aka samu wani sinadari mai ƙona kitse, aka dakatar da shi na wucin gadi. Ya rasa wasan ƙarshe na gasar Europa wanda Sevilla ta ci Liverpool 3 da 1 a Basel, ya kuma rasa gasar nahiyar Turai da ƙasarsa Faransa ta karɓi baƙunci. A watan Yuli hukumar UEFA ta wanke shi, bayan ta bayyana cewa ba a ma ambaci sunan sinadarin ƙarara a jerin abubuwan da aka haramta ba. Sai a 2020 WADA ta ba shi haƙuri a gaban wata kotu a Landan ta kuma biya shi diyya. Kuɗi ba sa dawo wa ɗan wasa da daren wasan ƙarshe, kuma saboda labarin Sakho ne nake ganin matashin nan na Chelsea bai yi kuskure ba da ya koka kan jinkiri. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce, kowane wata na jira ana yanke shi ne daga shekarun da ba za su dawo ba.

Akwai kuma tambayar da muka fi kowa sanin ɗacinta. Ranar 25 ga Yunin 1994, ina yaro, muka taru gaban talabijin ɗin maƙwabcinmu muna kallon Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Amurka. Samson Siasia ya fara ci, tsakar gida ta kaure da ihu, sannan Caniggia ya zura biyu, ta biyun daga bugun tazara da Maradona ya yi saurin tura masa kafin 'yan wasanmu su farga. Da aka tashi, duniya ta ga wata ma'aikaciya riƙe da hannun Maradona tana fita da shi daga fili zuwa ɗakin gwaji. Aka samu sinadarin ephedrine a fitsarinsa, aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15, amma maki ukun da Ajantina ta samu a kanmu suka zauna daram. Haka tsarin yake a wasannin ƙungiya: ɗan wasa ne ke ɗaukar hukunci, ba a taɓa sakamako sai idan waɗanda aka kama a ƙungiya ɗaya sun haura biyu a cikin gasa guda. Wanda aka ci da ƙafar da daga baya aka tabbatar ba ta da tsabta ba shi da inda zai kai kuka. A ganina wannan ya fi cancantar a yi gardama a kansa fiye da batun wanda ya rasa ɗan wasa, musamman a zamanin da aka ƙwace wa Everton da Nottingham Forest maki saboda karya dokar kashe kuɗi.

Ban musa cewa dakatarwa tana iya girgiza ƙungiya ba, amma ba ita ce ke rabon kofi ba. Ajax ta rasa golanta André Onana a watan Fabrairun 2021, bayan ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure yana zaton na ciwon kai ne, ta sa Maarten Stekelenburg a raga, ta kuma lashe gasar Holan a wannan kaka. Manchester City ta ɗauki kofin FA a 2011 ba tare da Kolo ba, ƙanensa Yaya ne ma ya ci ƙwallon da ta doke Stoke a wasan ƙarshe. United ɗin kanta, ba tare da Ferdinand ba, ta fitar da waccan Arsenal ɗin daga kofin FA a wasan kusa da na ƙarshe a 2004 da ƙwallon Paul Scholes, ta je ta ci Millwall 3 da nema ta ɗaga kofin.

Duk wannan na zayyana wa Kawu a daren, ina ta ba shi haƙuri saboda girmansa. Na ce masa: "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, amma ka tuna abin da ya faru bayan ya dawo." Ferdinand ya koma fili ranar 20 ga Satumban 2004 a wasan da United ta ci Liverpool 2 da 1, yana kuma cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wasanni 49 da Arsenal ta jera ba a doke ta ba, a Old Trafford ranar 24 ga Oktoba. Ya buga kusan dukan ragowar wannan kaka, amma Chelsea ce ta ɗauki kofi da maki 95, ƙwallo 15 kacal aka zura mata, ita da ta rabu da Mutu tun farkon kaka. United ta sake ƙarewa ta uku, da maki 77.

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci yana juya cokali a cikin kofi, sannan ya ce ya ji lissafin maki kuma ba zai ja da shi ba, amma a kan tarar fam 2,000 da aka ci Negouai har gobe bai ji amsar da ta gamsar da shi ba. Na ce masa ni ma haka.