Matan Fada bayan baƙi sun watse

Wanda bai taɓa zuwa Argungu ba sai lokacin bikin kamun kifi, hayaniyar Matan Fada, yankin gulbin da ake yin bikin, kawai ya sani. Ni na fi son wurin a sauran watanni, sa'ad da babu mai homa ko gora a cikin ruwan. Wannan yanki na gulbi hurumi ne, ba a su a cikinsa sai ranar da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa ke sa ido. Ba don wannan hanin ba, ina za a samo kifi mai kilo 78 irin wanda aka fitar a 2020? Giwan ruwa ba ya girma a ruwan da ake tatsa kullum.

Bikin ya faro ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka binne tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wannan kowa ya ji a rediyo.

Abin da rediyo ba ta faɗa shi ne bakin ruwan. Da sanyin safiya a kaka, bado kan buɗe fararen furanni a kududdufan fadama, kirinjijiya na tashi garke-garke suna fito. Zalɓe kuwa ya ƙame a ruwa iya gwiwa, sai ka rantse itace ne, har sai ƙaramar karfasa ta gifta. Can tudu ga goriba da bagaruwa, ga gawo mai taurin kai, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, lokacin da awaki suka fi bukatar 'ya'yansa.

Sai dai itatuwan ba su da sarki. Inda muke tsintar kanya muna yara, yanzu shinkafa ce da ƙugin injin ban ruwa. Ban ga laifin manomi ba, da shinkafar nan ake aurar da 'ya'ya ake biyan kuɗin makaranta. Amma na tambayi wani dattijo masunci ko har yanzu yana ganin gauraka.

"Yaro, a ina za ta sauka?" in ji shi. "Ko ciyawar burgu da shanu ke ci an nome."

Na ce, "Baba, kadoji fa?"

Ya ce waɗannan suna nan, kuma in daina tsayawa dab da ruwa haka.