Wata takwas a ɗakin azurfar 'yan Viking

Jiya na miƙa makullin ɗakin ajiya, aikin wucin gadin da na yi a gidan tarihin nan na Suwidin ya ƙare. Waɗanda muka yi zama tare sun san ba don digirina aka ɗauke ni ba, don ina iya karanta Larabci ne, albarkar makarantar allo. Azurfar da 'yan Viking, wato mayaƙan teku da fataken arewacin Turai na zamanin da, suka binne yawancinta dirhami ne daga ƙasashen Musulmi, na Samarƙand da Shash (Tashkent ta yanzu) da Bagadaza. A Spillings ta tsibirin Gotland kaɗai, a 1999 an tono azurfa wajen kilo 67, tsabar kuɗi sama da 14,000, ga awarwaro jibgi. Su ba ruwansu da rubutun da ke jiki, nauyi suke bi, su datsa awarwaro ko dirhami su ɗora a ɗan sikeli, wani lokacin har su ɗan yanka da wuƙa su ga ko an yi algus.

To ga inda na kwafsa. Sati na biyar na ɗauko wani dirhami, kalmar shahadar jikinsa a hargitse, haruffa sun koma zane kawai kamar yaron da bai gama babbaƙu ba, ni kuwa da ƙarfin gwiwata na rubuta "jabu" a takardarsa na ware shi gefe ban tambayi kowa ba. Ashe kwaikwayo ne na tun wancan zamanin, irin wanda mutanen Bulgar na bakin kogin Volga suka riƙa bugawa, shekararsa ta haura dubu. Shugabar sashenmu ba ta kira ni ofis ba, a taron Litinin ta ɗaga shi da safar hannu gaban kowa har da ɗalibai, ta ce iya karatu daban sanin tarihi daban. Wlh har yau in na tuna sai in ji zufa. Gaskiyarta ne, ban musa ba. Amma rahoton da ya fito daga baya, duk shekarun hijira da sunayen sarakunan Samaniyawa (daular da ta mulki su Samarƙand) da na yi wata da watanni ina tsurawa ido da madubin ƙara girma, an sa su tsaf, sunana ko a layin godiya babu.

Sauran darussan gajeru ne. Da fensir ake rubuta shakka. Kar a ja gardama da mai yawon buɗe ido kan hular ƙaho, 'yan Viking ba su sa ta ba amma ba zai yarda ba. Kafin ka fara aiki ka tambaya sunan wa za a sa.

Ranar ƙarshe na tsaya gaban sarƙoƙin wuyan nan na azurfa murɗaɗɗu, na tuno matafiyin nan na Bagadaza Ibn Fadlan da ya gamu da mutanen Rus, waɗanda ake dangantawa da 'yan Viking, a 922, ya ce duk dirhami dubu goma da miji ya tara sai ya yi wa matarsa sarƙa ɗaya. Wanda zai gaje ni an ce da manhaja zai riƙa karanta rubutun. Allah ya ba da sa'a.