Kudus ne ya mayar da ni gaban talabijin

A 2015 na bar gem, kuma ba shiryuwa na yi ba, kunya ce ta kore ni. Shekarar ce dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya fi tsanani a Accra. Wuta takan tafi yini da kwana, in ta dawo kowane tela a Nima rige-rigen hawa keke yake yi, balle ana cikin azumi, kayan Salla sun taru har rufin shago. Ni kuwa da an kawo wuta sai in ce bari in buga wasa ɗaya tukuna, in wartsake. Ranar jajibere wani dattijo, abokin mahaifina, ya zo karɓar babbar rigarsa, ya tarar ko aikin wuya ban ɗora ba. Bai yi faɗa ba. Ya dubi talabijin, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba ni yadina." Ya naɗe abinsa ya fita. Bayan Salla na kai na'urar gem ɗina, PS3, Circle, inda ake cinikin kayan lantarki a Accra, na sayar da asara.

Ciwon ya daɗe a jikina. Mu ne yaran da suka tashi a ɗakunan gem na lungu, zamanin PS2 da gem ɗin ƙwallo PES 6, wanda ya fito a 2006, lokacin da in ka ɗauki Inter ka ba Adriano ƙwallo a ƙafar hagu, sai dai gola ya yi ta kansa. Dokar ɗakin ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa fad, wato abin da ake riƙewa a buga gem, ga na bayansa.

Shekara takwas ban taɓa fad ba. An yi ta surutun PS5 tun fitowarsa a 2020, ko a jikina. Sai ƙarshen 2023 na je Maamobi gaida yayata, na ji ɗanta yana kwaɗa mini kira daga ɗaki: "Kawu, zo ka ga Kudus!" Na leƙa. FC 24 suke bugawa, wato FIFA ɗin da muka sani, sunan ne ya canza bayan kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA. Ga Mohammed Kudus nan cikin rigar West Ham, lamba 14, yaron da ya tashi a nan Nima, wanda ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Katar a 2022 har unguwa ta kusa tsagewa da ihu. Kyawun hoton bai dame ni ba, ai an saba. Amma a ce ɗan unguwarmu ne a cikin gem, kuma ni zan juya shi da yatsuna, nan gwiwata ta yi sanyi.

Na zauna, wai minti biyar. Yaron ya yi mini biyar da nema. Hannuna bai manta PES ba, inda maɓallin murabba'i ne shot, a nan kuwa da'ira ce, don haka duk sanda na zo gaban raga sai in kwaɗa kuros zuwa tutar kwana, yara na ta faɗuwa da dariya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne fad ɗin kansa: in ɗan wasa ya gaji, maɓallin gudu sai ya yi tauri a ƙarƙashin yatsa, kamar keken da ke neman mai.

Kuskurena a daren na yi shi. Ina komawa gida na sauke wani gem ɗin ƙwallo na kyauta a waya, wai don in gyara hannu. A ɗakin gem na da, abubuwa uku ke tashin mutum: kuɗi ya ƙare, a ci ka, ko a ɗauke wuta. Na waya ba shi da ko ɗaya. Yana aljihu a cikin motar haya ta trotro, yana kan teburin yanka, yana ƙarƙashin filo, kullum da 'yar kyautar da zai ba ka in ka shiga. Cikin mako uku na makara sallar Asuba sau huɗu, kuɗin da ke MoMo ɗina, wato asusun waya, ya tafi a sayen data. Wata safiya uwargida ta ajiye mini koko da ƙosai, ta ce, "Maigida, Salla dai ba ta yi nisa ba." Daga haka ba ta ƙara ba. Kafin kokon ya huce na goge shi.

Amma ban koma gidan jiya gaba ɗaya ba, don na gane ashe zaman ne nake kewa, da tsokana, da jiran layi. Yanzu daren Juma'a bayan Isha'i nake zuwa Maamobi, a dafa attaya, a bi tsohuwar doka, wanda aka ci ya tashi. Yawanci ni ne. Na'ura ba za ta shiga gidana ba, kuma daga ganin watan azumi har a ci Salla ba na leƙa ɗakin.

Matsalar da ta rage ita ce tun da Kudus ya koma Tottenham a 2025, ni da nake ɗan Arsenal tun ina yaro, dole nake ɗaukar Tottenham, babbar abokiyar hamayyarmu. Yaran sun ɗauki hotona ina murnar ƙwallo da farar riga a allo, kuma har yau ɗan yayata bai yarda ya goge ba.