Daga Kaduna zuwa Jos a cikin tsohuwar Fijo 504

Motar ta gidanmu ce, Peugeot 504 doguwa mai layin kujeru uku, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Biki ya kai mu Jos a tsakiyar bazara, mota cike da mutane, but cike da kaya. A irin wannan lodi da zafi ne ake gane lafiyar inji.

Injin da ke cikinta shi ne XN1 mai silinda huɗu, cc 1971, faɗin fistin milimita 88, tafiyarsa milimita 81, ƙarfinsa doki casa'in da 'yan kai. A kishingiɗe yake cikin bonet, ya karkata gefen dama. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam, sarƙa ce ke juya taiminsa, don haka babu fargabar tsinkewar bel a daji. Yawan tafiya ba ya kashe wannan inji. Zafi ke kashe shi, kuma kusan duk hidimar da na yi masa kafin mu tashi a kan zafi ta ƙare.

Da yamma kafin ranar tafiya na juye baƙin mai, na zuba 20W-50 wajen lita huɗu tare da sabuwar filta. Duk kilomita 5,000 ya kamata a yi haka, a lokacin hunturu ma a rage saboda ƙura. Bayan asuba, inji na sanyi ƙalau, na buɗe murfin sama na saita bawul: na shigar iska milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Kanikawa da yawa kan matse na hayaƙin don inji ya yi shiru, mai mota ya ji daɗi. Wannan shirun tsada gare shi, domin bawul da bai zauna daram ba ba ya sauke zafinsa, sai bakinsa ya ƙone. Gara a ji ɗan ƙas-ƙas. Kwantak, wato bakin da ke buɗewa da rufewa yana ba fulogi wuta, na bar masa tazarar milimita 0.40, fulogi 0.6. Wayoyin wuta suna bin 1-3-4-2, kuma silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen giya. Wanda ya saba da motocin Japan ya ƙirga daga gaba, zai sha tari da harbi har ya gaji.

Mun ɗauki hanyar Zariya, muka karya dama a Maraban Jos. Har Pambegua babu abin faɗi, allurar zafi na tsakiya, giya huɗu, inji na tafiya da muryarsa ɗaya.

Bayan mun ci abinci a Saminaka, garin masara, motar ta yi gardamar tashi. Tana juyawa, ba ta kamawa. Wannan ba ciwo ba ne. Famfon fetur na 504 a jikin inji yake, idan aka kashe mota da zafi sai fetur ɗin da ke cikin tiyo da kafireto ya tafasa ya zama tururi. Na taka totur har ƙasa na riƙe, ban yi ta famfa shi ba, na murza makulli, ta kama. In abin ya ƙi, a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon na ɗan lokaci.

Hawa ya fara sosai bayan Jengre. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, ninkin Kaduna ke nan, iska ta fi sirantaka, inji na rasa ɗan ƙarfi, ruwa kuma na tafasa da wuri. Shi ya sa murfin lagireto mai lafiyayyen roba ya fi ƙarfin a raina shi. A nan allura ta fara hawa. Na sauko giya uku don famfon ruwa ya ƙara gudu, da ban ga ta sauka ba na gangara gefe na bar injin yana silo. Fanka na juyawa a sake, ba ta kama ba. Fankar wannan mota da maganaɗisu take aiki: akwai makunni a jikin lagireto da ke ba ta wuta idan ruwa ya yi zafi, wutar kuma ta wani ɗan gawayi take bi. Gawayin ne ya cinye. Masu ƙirar sun san haka na faruwa, sun sa sukurori uku a jikin fankar, idan aka ɗaure su sai ta riƙa juyawa tare da inji koyaushe. Na kashe mota, na ɗaure, muka jira.

Wani dattijon direba da ya tsaya taya mu ya leƙa bonet ya ce, "Ɗana, ka cire tamosta ɗin nan ka huta, mu haka muke yi."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ai lafiyarsa lau, fanka ce ta yi barci."

Tamosta shi ne ɗan bawul da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama. Ban yarda da cire shi ba, ko a Sakkwato. Injin da ba shi da tamosta yana daɗewa bai ɗumama ba, yana shan mai, fetur na wanke bangon silinda. Idan mota na zafi, a nemi dalilin: lagireto da ya toshe, fanbel da ya saki, famfon ruwa mai yoyo, ko wuta da aka saita a makare.

Abin da ya sa nake tsoron tafasa a wannan inji shi ne yadda aka gina cikinsa. Kowane fistin yana gudu ne cikin silif, wato bututun ƙarfe da ake zarewa, ruwa na zagaye da shi kai tsaye, a gindinsa kuma akwai siririn gasket. Wannan ne ya sa 504 ta daɗe a hannun talaka, domin idan inji ya tsufa sai a sayi silif da fistin da zobba a zuba, ba sai an kai gangar wurin masu faɗaɗa ramin silinda ba. Amma idan ya tafasa, kan alminiyam ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gangara cikin baƙin mai har ya koma kalar shayi da madara. Kada a zuba ruwan sanyi a inji mai tururi, kada a buɗe murfi sai tiyon sama ya yi laushi a hannu. In kuma ta kai ga cire kan, a gurgusa shi gefe kafin a ɗaga don kada ya taso da silif, a danne silif ɗin da washa da noti, kuma kada kowa ya juya inji a haka. Ruwan rijiya zalla yana cin alminiyam yana tara tsatsa, a haɗa da ruwan maganin lagireto.

Mun shiga Jos ta Farar Gada bayan la'asar, allura ba ta sake motsi ba. Washegari da sanyin safiya sai da na ja cok kafin ta tashi. Na zare sandar mai na ga baƙi ne tsaf babu fari, ruwa bai ragu ba, ramukan fulogi a bushe. Na sayi sabon gawayi na sa, na sassauta sukurorin nan uku, na mayar wa fankar tazararta ta kusan milimita 0.3 kafin mu juyo gida.