Akra daga saman benen Alhaji

Laraba, bayan isha'i.

Yau dai Alhaji ya ba ni makullin saman benensa da ke bakin babban titin Kanda. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: "Ɗauki abin da za ka ɗauka, amma kada ka juya abin nan naka wajen fadar shugaban ƙasa. Ba na son sojoji a ƙofar gidana." Na ce, "In sha Allahu, Baba Alhaji." Yana da gaskiya, domin fadar, wato Jubilee House, tana nan kusa ta gabas, kuma ba wurin wasa da kyamara ba ne.

Na hau bayan la'asar tare da ɗan yayata, shi ke riƙe da ƙafar kyamara. Tun a matakala yake mita, wai "Kawu, da jirgin nan marar matuƙi ka saya da mun huta da hawa." Na ce masa tsakanin fada da filin jirgin sama babu mai tayar da wannan abu haka siddan, sai da izinin hukumar jiragen sama. Ƙafa ta fi arha.

Duk wanda ya zo Akra neman hoton dogayen gine-gine a jere, irin na Dubai, zai koma yana ƙorafi. Garin a shimfiɗe yake. Dogayen benayen sun rarrabu ne tsibi-tsibi: wasu can kudu a Ridge, inda sabon ginin Babban Bankin Gana da aka buɗe a 2024 ya yi wa maƙwabtansa rata, wasu kuma arewa maso gabas wajen filin jirgi, inda benen Villaggio mai launin kente, saƙin gargajiyar Gana, yake tsaye. Tsakaninsu sai gidaje gajeru har iyakar ganinka. Teku ma ba a ganin ta sosai daga nan, sai wani farin zare a ƙarshen gari.

Abin da ya tsayar da ni itatuwa ne. Daga ƙasa mutum ba ya lura, amma daga sama su ne taswirar garin. Ka dubi Ridge da Cantonments, unguwannin da Turawan mulkin mallaka suka yanka wa kansu bayan sun dawo da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877: kore shar, gida ɗaya cikin fili mai faɗi, tituna a miƙe. Ka juyo yamma ka dubi Nima da Mamobi, kwano ne ke taɓa kwano, ja da tsatsa, da ƙyar ka ƙirga bishiya goma. Lungunan da na girma a cikinsu ko alamarsu babu, rufin gidaje ya haɗiye su. Dattawa suna cewa lokacin da Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima, ya sauka a nan da shanunsa wajen gari ne, daji. Yanzu gari ya zagaye mu ta ko'ina, kuma mu ne a tsakiya. Titi ɗaya ne kacal ya raba kore da tsatsa, kuma shi na sa ya ratsa hoton daga kusurwa zuwa kusurwa.

Rana ta faɗi kafin shida saura kwata. A nan, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, ba ta jan jiki. Da ta nutse, duhu na biye da ita. Hasken da mai hoto ke nema, lokacin da sama ta yi shuɗi mai zurfi kuma fitilun gari sun kama, bai fi minti goma sha biyar ba. Kuma daidai lokacin ne ladanai ke kiran magariba, wannan na ɗagawa wancan na amsawa, daga Nima har New Town. Na kafa kyamara, na saukar da ISO, wato ƙarfin karɓar haskenta, zuwa 100, na bar idonta a buɗe daƙiƙa takwas, na nuna wa yaron maɓallin da zai riƙa dannawa ba tare da ya girgiza ta ba. Na yi sallata a gefen tankin ruwa, na karɓe shi ya yi tasa.

Jemagun asibitin sojoji na 37 ma sun fito a kan lokacinsu, dubbai, sun yi baƙi a sama suna tafiya kiwo. A hoton da ido ya daɗe a buɗe ba sa fitowa, sai wani dishi-dishi kawai, don haka na ɗauke su daban da sauri kafin haske ya ƙare.

Da duhu ya zauna sai lissafin ya juya. Unguwannin masu itatuwa suka yi duhu, fitila nan, fitila can. Nima kuwa ta kama da haske, ga shi yau ranar kasuwa, ga hayaƙin masu tsire da masu ƙosai yana tashi ta cikin fitilun. Motocin haya na trotro da tasi a kan titin Kanda suka zama dogayen layuka biyu, fari da ja. Babban Masallacin Ƙasa, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, ya haskaka hasumiyoyinsa huɗu, kuma ko ina so ko ba na so shi ne ke jan ido. Ni dai na fi son hoton da masallacin yake gefe, kwanukan suka cika tsakiya.

Da muka sauko na nuna wa Alhaji a bayan kyamara. Ya wuce wanda nake so ko kallo na biyu bai yi masa ba, ya tsaya a kan na masallaci ya ce a wanke masa babba, zai rataya a falo. Na ce to. Sai ya sa tabarau, ya matso da fuska, ya fara neman rufin gidan ƙanwarsa a Mamobi, yana faɗan cewa tun bara ya ba da kuɗin canza kwanon. Ya gano shi kuwa, kuma ba a canza ba.

Asabar ina so in hau tudun Legon in ɗauko garin daga arewa, kafin hazon hunturu ya sauko ya rufe komai.