Adashen girkinmu a Agege da taushen da ta juya min

Mu huɗu ne, a Legas, uku a Agege ɗaya a Idi-Araba, kowacce na fita nema, kafin ki iso gida gosulo, wato cunkoson motoci, ya gama tsotse ki, ina ƙarfin tuƙa tuwo ƙarfe tara na dare? Shi ne muka ce mu yi shi kamar adashe, Litinin zuwa Alhamis kowacce ta ɗau rana ɗaya ta girka na gida huɗu, sauran ranakun ta miƙa kula kawai. Ranar Asabar mu haɗa kuɗi a je kasuwar Mile 12 a ɗauko kwandon tumatur da attaruhu da albasa a raba, nama kuma mayankar Oko-Oba. Nan ba matsala, har gas ya riƙa daɗe min.

Abin da har yau ke min ciwo wata Laraba ce, ranata. Taushe na yi mai rai da lafiya, kabewa, alayyahu, gyaɗa, naman rago kilo 2. Da asuba na gama saboda zan fita, ga shi an ɗauke wuta tun dare firij ba sanyi, sai na juye ta cikin kuloli da zafinta na rufe ruf na tafi. Kula kuwa ba ta riƙe zafi wuni guda, miyar sai ta koma ɗumi-ɗumi ta zauna haka sa'o'i, ga gyaɗa a ciki ga zafin Legas, a nan ta lalace.

Bayan isha'i ta Idi-Araba ta kira ni, "Yaya kar ranki ya ɓaci, miyar nan ta juya, har kumfa take." Wallahi sai da na zauna. Gida huɗu da shayi da burodi yara suka kwana, kuma kuɗin naman nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ba wadda ta ce min komai, ni dai na biya kuɗin naman duk da sun ce in bari.

Yanzu ba na yin taushe sai ranar da nake gida, in sauke da yamma a ɗauka nan take. Ranar fita kuwa naman nake soyawa, in haɗa wa kowacce da daddawa da garin kuka ko busasshiyar kuɓewa, ta kaɗa abinta a gida, minti 10 an gama. Amma duk sanda na ga kabewa a Mile 12 sai na tuna kilo biyun nan da muka zubar.